Ya ake gane an yi maka kwana a gardama?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni barci jiya shi ya sa na kawo ta nan. Muna fada bayan isha'i ana shayi, sai hira ta faɗa kan ruwa kamar kullum in zafi ya shigo, kowa na kukan kuɗin bido da layin pampo. Ni dai abin da na ce shi ne garin nan namu na Damagaram bisa dutse ya ke zaune, ruwan ƙasa ba ya samuwa a cikin gari sai an jawo daga nesa kamar Gogo da Machaya da Arunguza, ga jama'a kullum ƙaruwa ta ke, dole wahalar ta yi yawa. Wallahi ban rufe baki ba wani yayanmu ya ce "kai da ka yi shekara shida a Yamai kana wanka sau uku a rana me ka sani", aka yi dariya. Na ce ba wannan ake ba, sai ya ce "to kenan cewa ka ke mu yi shiru ƙishirwa ta kashe mu", daga nan ya ce ai kowa ya sani tun da aka ɗauke mana babban birni a 1926 ruwa ya gagare mu. Fada duk ta koma bayanshi, ni kuma na rasa ta cewa, amma a raina na san akwai inda aka zille mini. Don Allah masu ilimi ku nuna mini inda aka yi kwanar, kuma ya mutum zai yi in haka ta same shi da wanda ya girme shi?

Mushen Filo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwana uku aka yi maka ba ɗaya ba, kuma irinsu mu ke koya ma yara a darasin filo, wato falsafa, a tarminal, ajin ƙarshe na sakandare. Tun zamanin Girkawa Aristo ya zauna ya lissafa kala 13 na hujjar da ke kama da gaskiya alhali ba ta tsaya ba.

Ta farko, an bar magana an kama mai magana. Ka ce gari bisa dutse ya ke, amsar ita ce ko eh ko a'a, ga dalili. Zamanka a Yamai bai ƙara ma dutsen komai ba bai rage ba, duwatsun unguwar Birni na nan kowa na ganinsu da ido. Ta biyu ta fi ɓata rai, an ƙera wata magana da ba ka faɗa ba aka ƙaƙaba maka, sannan aka rushe ta a gaban mutane. Faɗin dalilin matsala daban, cewa a yi shiru daban. Duk lokacin da ka ji "to kenan cewa ka ke..." ka buɗe kunne sosai, sau da yawa abin da zai biyo baya ba naka ba ne.

Ta uku ita na fi so ka riƙe don kusan kowa na faɗawa cikinta har ni. Wai abu ya faru bayan abu, to na farkon ne ya jawo na biyun. Shekarar da ya kawo gaskiya ce, 1926 Turawan Faransa suka mayar da babban birni Yamai. Amma in ka duba tarihi, ƙarancin ruwan Damagaram na cikin dalilan da ake kawowa na ɗaukewar kanta, Yamai kuwa ga kogin Isa a bakinta. Ka ga wahalar ruwa ta riga 1926, shi ya juya abin ya mai da sanadi sakamako. Zakara na cara kafin asuba amma ba shi ke fiddo rana ba. Shekara ta gaskiya a cikin magana ita ke sa mutane su saki jiki, sai a haɗiye sauran ba a tauna ba.

'Yar Garin Malam:
Mushe Allah ya ƙara basira. Ni ban yi lakwal mai zurfi ba amma irin wannan kullum muna gani a kasuwar Dole da cikin gida. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin goro, mace ta sayi hatsi wurin mutum ɗaya ɗan wani gari ya tauye mata tiya shi kenan sai ta ce mutanen garin nan duk macuta ne, kuma 'ya'yanta na ji su tashi da shi, alhali ta sayi na mutum goma daga garin ba wanda ya cuce ta, su ba ta ƙirga su. Sai kuma in ka ce ma mutum abin da ka yi bai dace ba ya ce ke ma ai ranar sunan wance kin yi, to na yi ɗin, nawa laifin ya wanke naka ne? Laifi tudu ne dama. Amma ɗana in faɗa maka gaskiya, yayan nan naka wataƙila ba dabara ya shirya ba, mutum ne da matarshi ke tashi ƙarfe uku na dare neman ruwa, zafin da ke cikinshi ne ya fito. Da ka fara da cewa wallahi yaya wahalar nan ta isa, sannan ka kawo zancen dutse, ina ga da ya saurare ka.

Almajirin Zaure:
Kada a ɗauka abin nan na 'yan boko ne kaɗai. A zaure ana karanta ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, kuma wannan babin sunanshi mugalaɗa. Shehu Magili da ya bi ta Ayar ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har baitoci ya aika ma Imam Suyuɗi yana kare wannan ilimin lokacin da shi Suyuɗi ya hana shi. Malamanmu kan ce da gaskiya ake sanin maza, ba da maza ake sanin gaskiya ba.

Sai dai ina da gyara guda. Kama mutum da kwana ba ya nufin duk abin da ya ke nufi ƙarya ne. Hujjar yayanka ta karye, amma damuwarshi cewa an yi sakaci da yankin nan magana ce mai zaman kanta, ana iya kawo mata dalili mai kyau ko a kasa. Dutse da yawan jama'a ba su hana a tambayi me aka yi me ba a yi ba. Kai ma ka lura kada ka ce tunda ya zille to ni ke da gaskiya a komai. Haka "kowa ya sani" da ya ce, yawan masu faɗa ba dalili ba ne, amma kuma ba ya ƙaryata magana, sai an bincika.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai Mushe, na gode Hajiya, Malam Allah ya saka da alheri. Maganar Hajiya ta taɓa ni don gaskiya gidanshi can ƙarshen gari ya ke inda pampo kan kwana biyu bai zo ba, ni kuma na shiga da bayani kamar ina aji. Saura dai tambayata ta biyu, mutum ne da ya goye ni ina yaro, a gaban fada ba zan iya ce mishi yaya ka juya mini magana ba.

Mushen Filo:
Kar ma ka ce. Sunan kuskuren na kanka ne, ba na jifa ba ne. Ni abin da na kan yi shi ne in maimaita tawa a hankali, "yaya ban ce a yi shiru ba, cewa na yi ga abin da ya sa ruwan ke wuya", sai in bi da tambaya, "kafin 1926 ɗin ina mutanen Birni ke ɗibar ruwa, ya wadace su?" Tambaya ba ta zubar da girman kowa, kuma shi da kanshi zai tsaya ya yi tunani. In ka ga dariya ta yi yawa a fada ka bar ta, gobe da safe ka same shi shi kaɗai a shago ku ƙarasa.