Na taɓa kuɗin adashen mata, na kuma kasa shiga sujada

Mai neman shawara:
Salama gare ku, 'yan'uwa a cikin Almasihu. Ina roƙon kada a tambayi sunana, domin akwai waɗanda suka san ni a wannan zaure.

Ni 'yar Michika ce. A EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, na tashi, a can aka yi mini baftisma, a can aka ɗaura mini aure. A watan Satumba na 2014, da Boko Haram suka shigo garinmu, na gudu da yara uku, ƙaramin yana goye, muka kwana a kan duwatsu kafin mu isa Mubi wurin ƙanwar mahaifiyata. Ba mu cika wata biyu ba sai Mubi ma ta faɗi a ƙarshen Oktoba, muka sake bin daji da ƙafa har Allah ya haɗa mu da motar da ta kawo mu Yola, inda cocin Katolika na St. Theresa ya karɓe mu ba tare da an tambayi ɗarikarmu ba. Na kawo wannan ne don ku san wahala ba baƙuwata ba ce. A kan dutsen nan, da yunwa da ƙishirwa, ina rera wa yarana waƙoƙin sujada, ban kuma taɓa jin Ubangiji kusa da ni kamar a lokacin ba.

A Jimeta na kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli har na sayi ƙaramin injin markaɗe. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiyarmu, suka yarda da ni, suka sa ni uwar adashe, mu ashirin muna zubi kowane mako, a raba a Disamba saboda Kirsimeti. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 sana'ar take ja da baya, gyaɗa ta yi tsada, man inji ya yi tsada. Bana ɗana na biyu ya kwanta a asibiti, na taɓa kuɗin mutane da niyyar mayarwa, ban kuwa iya mayarwa ba.

Saura mako bakwai a raba. Lahadi biyar ke nan ban shiga sujada ba, ban ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, idan na durƙusa bakina ba ya buɗuwa. Abin da Boko Haram ba su raba ni da shi ba, bashi yana neman ya raba ni da shi. Ta yaya zan komo da bangaskiyata?

Baba Dattijo:
'Yata, sannu da wannan nauyi. Shekara goma sha tara na yi a majalisar dattawan ikilisiya, irin maganarki kuwa ta zo gabanmu ba sau ɗaya ba. Bangaskiyarki ba ta ɓata ba, lamirinki ne yake aikinsa. A Zabura 32 Dawuda ya ce sa'ad da ya yi shiru a kan laifinsa jikinsa ya yi ta lalacewa, sai da ya furta ya sami sauƙi. Ki tafi wurin Fasto da shugabar mata cikin makon nan, ki faɗi adadin kuɗin da bakinki, sa'an nan ki sayar da injin ki biya. A 2 Sarakuna 4, da Elisha ya taimaki gwauruwar da masu bashi suke shirin kwashe 'ya'yanta, cewa ya yi ta sayar da man ta biya bashi tukuna, ta ci saura ita da yaranta. Amma ba ki faɗa mana nawa ne ba, ba ki kuma ce komai a kan maigidanki ba.

Maman Godiya:
'Yar'uwa, tambaya ɗaya zan yi miki, kina fitar da zakka kuwa? Malakai 3:10 ba ta canja ba. Lokacin da shagona ya ƙone na duba rayuwata, na tarar wata shida ina riƙe rabon Allah, daga ranar da na gyara kuwa ƙofofi suka buɗe. Ki yi azumin kwana uku irin na Esta, ki fitar da zakka ko daga ƙuli-ƙulin ɗari biyar ne, za ki ga hannun Ubangiji kafin Disamba.

Mai neman shawara:
Na gode, Baba. Kuɗin naira dubu ɗari biyu da tamanin ne. Maganar maigidana doguwa ce, ina roƙon a bar ta. Inji kuwa ba zan iya sayarwa ba, da shi nake ciyar da mutum huɗu, ko na sayar ma ba zai kai rabin kuɗin ba. Maman Godiya, ban taɓa fasa zakka ba ko a sansanin gudun hijira. Na ma yi abin da ya fi haka, domin dubu hamsin daga cikin kuɗin na shuka ne a matsayin iri wurin wani bawan Allah da ya yi wa ɗana addu'a a daren farkawa, yaron kuwa ya tashi.

Baba Dattijo:
To, ga inda gizo yake saƙa. 'Yata, kin ɗauki kuɗin marayu da gwauraye kin kai wa mutumin da ba Fastonki ba, wannan ba shuka ba ce. A Ayyukan Manzanni sura 8 Bitrus ya tsawata wa Saminu saboda ya zaci ana sayen baiwar Allah da kuɗi, Elisha kuma ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga hannun Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Maman Godiya, ki yi haƙuri, amma ba a fitar da zakka daga abin da ba naka ba. Yesu da kansa ya ce a Matiyu sura 5, wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ki koma wurin mutumin nan ki nemi dubu hamsin ɗinki, amsar da zai ba ki za ta nuna miki ko shi wane ne.

Baban Ishaku:
Ni dai wannan magana ta taɓa mini tsohon miki. Shekara biyu da suka wuce matata ta yi zubi tun daga Janairu, da niyyar mu biya kuɗin makarantar yara mu kuma ɗinka musu kayan Kirsimeti, ranar rabo uwar adashe ta fashe da kuka, aka ce mu yafe domin mu masu bi ne. Har yau ko sisi ba mu gani ba, matar kuwa tana nan tana jan waƙa a gaba. Kowa yana tausayin wanda ya ci, ba mai tambayar yadda wanda aka ci wa ya kwana. Mata goma sha tara ɗin nan su ma suna da yara, wataƙila wata a cikinsu a kan kuɗin nan ta ɗora kuɗin hayarta.

Malama Rifkatu:
'Yar'uwata, ni gwauruwa ce, kuma ina jin tsoron shawarar Baba. Lokacin da na faɗi wani kuskurena a ofishin ikilisiya da sunan sirri, kafin Lahadi ta zagayo maganar ta kai kasuwa, aka sa ni a horo wata shida ina zama a kujerar baya, ba wanda ya taka zuwa gidana ya tambayi abin da yarana suka ci. Ba na cewa ki ɓoye, amma ki zaɓi mace ɗaya mai riƙon amana ki fara da ita. Game da addu'a kuwa, kada ki matsa wa kanki. Romawa 8:26 ta nuna Ruhu yana roƙo dominmu a lokacin da ba mu san abin da za mu ce ba. Iliya ma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da barci mala'ika ya fara ba shi. Ki shiga sujada ko a bakin ƙofa za ki zauna.

Baba Dattijo:
Malama, na yi baƙin cikin abin da aka yi miki, waɗanda suka fitar da sirrinki za su ba da lissafi. Sai dai kuskuren wasu dattawa ba ya soke tsarin ikilisiya. Horo magani ne, ba a kuwa fasa shan magani saboda ɗaci. Kuɗin nan na mutum ashirin ne, ba za a warware shi a ɗakin mace ɗaya ba. Idan ta faɗa yanzu, akwai mako bakwai da za a tsara biya kaɗan-kaɗan, matan ma su san yadda za su yi da shirinsu. Idan ta bari sai ranar rabo, sunan abin zai tashi daga bashi ya koma cin amana. Na faɗa, ina kuma maimaitawa, cikin makon nan.

Mai neman shawara:
Baban Ishaku, ban ci kuɗin kowa ba, asibiti na kai, da ɗanka ne a kwance ban san abin da za ka yi ba. Baba, ba zan iya komawa in karɓi abin da na riga na ba Allah ba, kuma ba na son a zagi bawan Allahn nan, domin a daren da nake kuka shi ya tsaya tare da ni, daga ikilisiyarmu ba wanda ya zo asibiti sai sau ɗaya. Ina da ɗan'uwa a Abuja da ya ce zai duba mini wani abu a ƙarshen wata, gyaɗa sabuwa ma ta fara shigowa, idan farashi ya sauka zan iya rage wani abu. Ina ganin zan jira zuwa lokacin kafin in yi magana da kowa. Ni abin da na tambaya shi ne yadda zan komo da addu'a, amma kowa ya koma kan kuɗi.

Maman Godiya:
Ki fara azumin ranar Laraba, zan taya ki, Allahn da ya fitar da ke daga Michika bai yi barci ba.

Baba Dattijo:
'Yata, ɗan'uwan naki ya san adadin kuɗin, ya kuma san na waɗanne mutane ne?