Neman shawara: Me ke dawo da fukar ɗana da tsakar dare bayan ta lafa da rana?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana lafiya da masu fama da wannan larura ku taimaka min. Ɗana shekararsa 15, likita ya tabbatar yana da asma, irin wadda alaji ke tayarwa. Duk ranar da aka kakkaɓe katifa ko aka share ɗaki yana ciki, nan take zai hau atishawa, ƙirji ya riƙe, numfashi ya dinga fito. In ya shaƙi shuɗiyar inhelarsa, cikin 'yan mintuna ya warware kamar ba shi ba. Sai can tsakar dare, ƙura ta daɗe da kwantawa, ya farka da tari da sarƙewar da ta fi ta rana, kuma inhelar ba ta cika sakinsa da wuri ba. Me ke dawo da ita alhali bai shaƙi komai ba?

Na biyu, an ba shi wata inhela ruwan ƙasa, wai safe da dare ko da lafiyarsa ƙalau. Shi ya ce ba ya jin tana yi masa komai, gwaggonsa kuma ta ce kada mu saba masa da ita. In dakatar? Muna da mage a gidan, ko ita ce?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Hajiya kada ki dakatar. Tun ina yaro nake da fuka, kuma ban san barci mai daɗi ba sai da aka ɗora ni a kan irin wannan ta kullum. Ba a jin aikinta a take, sai an yi makonni mutum ya lura ya daina farkawa.

Ummu Ilham:
Anti ki gwada ba shi ƙwayar alaji, irin ta mura da ƙaiƙayi, kafin a yi shara. Tana tsayar min da atishawa sosai.

Dakta Abu Nabila:
Maman Hanif, sannu da ɗawainiya. Abin da kika siffanta sananne ne, kuma amsar tambayarki ta farko ita ce amsar ta biyu.

Jikin mai alaji yana ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba. Tun can baya, lokacin da Hanif ya fara shaƙar abin, garkuwar jikinsa ta ƙera masa wani sinadari mai suna IgE, wanda Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko suka gano a Amurka a 1966. IgE ɗin nan yana manne wa wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda ke zaune a bangon hanyoyin iska, cike da sinadarai. Daga ranar sun zama kamar tarko a ɗane. Da zarar abin ya sake shigowa ya taɓa IgE, sai su amayar da abin da ke cikinsu: histamin, lukotarayin, furostagilandin. Tsokar da ta kewaye hanyar iska ta matse, jijiyoyin jini su tsattsafo da ruwa bango ya kumbura, majina ta ƙaru. Wannan yana faruwa cikin mintuna, yakan kai ƙololuwa kafin rabin awa, ya lafa cikin awa 1 zuwa 3. Shi ne na rana.

Amma a daidai lokacin an riga an aika kira. Ƙwayoyin mast da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira Th2 suna sakin saƙonni, manyansu IL-4 da IL-5 da IL-13. IL-4 yana sa a ƙara ƙera IgE. IL-13 yana ƙara majina mai kauri, ya sa tsoka saurin harzuƙa. IL-5 kuwa shi ke sa ɓargo ya yawaita wasu ƙwayoyi masu suna iyosinofil, ya kuma tsawaita rayuwarsu. Kafin su taso daga jini su cika bangon hanyar iska sai an ɗauki awanni, shi ya sa zagaye na biyu ke zuwa bayan awa 3 zuwa 8, yana iya kai wa washegari. Ba sai ya sake shaƙar komai ba. Kusan rabin masu asmar alaji suna samun wannan zagaye. Ga shi kuma dama da asubahi hanyoyin iska sun fi tsukewa ga kowa, sai abin ya haɗu ya yi masa yawa.

Shuɗiyar, wato salbutamol, tsoka kawai take sassautawa, na awa 4 zuwa 6. Ba ta rage kumburi, ba ta korar iyosinofil. Da rana matsewar tsoka ce ta fi yawa, shi ya sa take aiki kamar yankan wuƙa. Da dare kumburi ne da majina. Ruwan ƙasar ita ce ke kwantar da wannan kumburin.

Ummu Ilham, ƙwayar alaji tana da amfani ga hanci da ido, amma histamin ɗaya ne tak cikin masu matse ƙirji, lukotarayin ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba ta tsare mutum daga tashin asma.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri Dakta. To amma in ya yi wata guda lafiya lau, ba ya nuna kumburin ya tafi ba?

Dakta Abu Nabila:
A'a Hajiya, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Kumburin yana iya zama a ƙasa-ƙasa mutum bai sani ba. Iyosinofil suna zuba sinadaran da ke ɗaye fatar cikin hanyar iska, jijiyoyin da ke ƙarƙashi su zama a fili. Daga nan abin da ba alaji ba ma yana tayar da ita: iska mai sanyi, hayaƙin taba, turare mai ƙarfi, gudu, mura, har dariya. In aka bar shi shekara da shekaru, tsokar tana kauri, bango ya yi tabo, hanyar ta ragu ta yadda magani ba ya mayar da ita yadda take. Wannan ne ya fi damuna ga yaro mai shekara 15, domin huhun da zai rayu da shi ke nan. Rage magani yana yiwuwa, amma likitansa ne zai yi, a hankali, galibi bayan wata 3 ana lafiya.

Yaya Hauwa mai harhaɗa magunguna:
Bari in ƙara kan batun "sabo", don kullum sai na ji shi. Inhelar kariya, wato ruwan ƙasar, ba ta sa maye, ba ta sa jiki ya kasa numfashi da kansa. In an daina ciwon ya dawo, dama can yana nan ne. Wadda ya kamata a ji tsoron dogaro da ita ita ce shuɗiyar. Tun 2019 ƙungiyar GINA mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya ta daina ba da shawarar a bar manya da matasa a kan salbutamol kaɗai, kuma mai ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara yana cikin ƙarin haɗarin mummunan tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, ta kashe 455,000. Ba ciwon wasa ba ne.

Illar ta kariya ba ɓoyayya ba ce: fari-farin da ke fitowa a cikin baki da dushewar murya. Ya kuskure baki ya zubar duk bayan shaƙa, a kuma nema masa bututun da ake jona wa inhela, maganin ya fi isa huhu. Ki sa a duba yadda yake shaƙa, da yawa a maƙogwaro maganin ke tsayawa.

Baban Amir:
Ni dai a ganina a fitar da magen kawai a huta.

Sista Maman Zahra:
Baban Amir, a fara gwaji tukuna. Yadda ta ce kakkaɓe katifa ke tayar masa, na fi zargin ƙwarin ƙura. Ƙanana ne, ba su kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu. Suna zaune cikin katifa da filo da kafet, suna cin ɓarɓashin fatar mutum, kuma kashinsu ne ke ɗauke da abin da ke tayar da alajin. Yana da ɗan nauyi, sai an motsa shimfiɗa yake tashi sama. Na mage kuwa, da ke fitowa daga miyanta da fatarta, ba shi da nauyi, yana daɗewa a iska, yana iya yin watanni a gida bayan ta bar shi. Kyankyaso da funfuna da garin fure ma suna cikin jerin. Gwajin fata na minti 15 zuwa 20, ko gwajin IgE na jini, zai nuna wanne ne.

Kafin nan: kada ya zauna a ɗaki ana shara, a goge da tsumma mai laima maimakon kakkaɓewa, a wanke zanin gado duk mako da ruwan zafi mai kai digiri 60, a rage laima a ɗakin, mage kuma kada ta shiga inda yake kwana. Duk wannan taimako ne, ba ya maye gurbin maganin.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, yau zai ci gaba da ita. Dakta, in na daren ya zo, yaushe zan san ya wuce na gida?

Dakta Abu Nabila:
In ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, in fatar tsakanin haƙarƙarinsa ko ramin wuyansa na lotsawa, in leɓensa ko harshensa ya canza launi, in ya fara galabaita ko gyangyaɗi, ko shuɗiyar ba ta sake shi ba bayan ya maimaita, to asibiti nan take, yana zaune a miƙe, yana ci gaba da shaƙarta a hanya. In fiton ya ɗauke alhali yana ta fama, kada ki ɗauka sauƙi ne, iskar ce ba ta wucewa. Ki kuma roƙi likitansa ya rubuta muku tsarin abin yi a takarda, da adadin shaƙa na kowane mataki, ki gaya masa wannan farkawar daren, domin ita kaɗai ta isa a sake duba maganinsa.