Ina ruwan Qualcomm da wayar da babu Snapdragon a cikinta?

Mai Gyara: Assalamu alaikum. A 2024 Qualcomm, mai ƙwaƙwalwar waya (chip) ta Snapdragon, ya maka Transsion, masu Tecno, Infinix da itel, a babbar kotun Delhi ta Indiya. Amma yawancin wayoyin nan ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc ce a cikinsu. To hakkin me yake nema?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Qualcomm, kamfanin nan na San Diego a Amurka, da aka kafa a 1985, sana'a biyu gare shi. Sashen QCT ne ke zana Snapdragon da modem, wato sashen da ke haɗa waya da netwok, sai kamfanin TSMC ko Samsung su ƙera, don ba shi da masana'anta. Sashen QTL kuwa lasisin hakkin ƙirƙira yake sayarwa, na fasahar 3G, 4G da 5G da na wasu sassan waya. Kowace waya ta kama 4G ta taka fasaharsu, ko ƙwaƙwalwar wa aka sa mata.

Inda rigimar take shi ne, a kan kuɗin waya gaba ɗaya ake lissafi, ba kuɗin ƙwaƙwalwar ba. Farashin da suka sanar na wayar 5G mai haɗe da 4G kashi 3.25 ne cikin ɗari na farashin sari. Wayar dala 100, dala 3.25 ke nan. Ga mai sayar da waya mai araha, wannan cikin tsokar riba yake yanka.

Barista: Injiniya ya faɗi gaskiya. Kuma hukumomi sun sha taka masa birki. A 2015 Sin ta ci shi tarar dala miliyan 975, aka koma lissafi a kan kashi 65 cikin ɗari na farashin wayar da aka sayar a can. Koriya ta Kudu ta ci shi tarar won (kuɗin ƙasar) tiriliyan 1.03 a 2016, kotun ƙoli ta tabbatar a 2023.

A Amurka kuwa ya tsira. Hukumar FTC mai sa ido kan kasuwanci ta ƙalubalanci tsarinsa na hana ƙwaƙwalwa ga wanda bai karɓi lasisi ba, mai shari'a Lucy Koh ta ba ta gaskiya a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2020.

Mai Gyara: Barista, Apple fa?

Barista: Apple ya kai ƙarar Qualcomm a Janairun 2017, aka yi sulhu a Afrilun 2019 da lasisin shekara 6, Qualcomm ya karɓi kusan dala biliyan 4.5 daga Apple. A ganina 5G ce ta durƙusar da Apple: modem ɗin 5G na Intel, wanda Apple ya dogara da shi, bai shirya ba, kuma ranar sulhun Intel ya janye daga harkar modem ɗin 5G na waya.