Wace ƙaramar mota ce za ta riƙe mutum shekara goma? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Baban Hanifa, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma daga bakin wanda ya riƙe mota da kansa, ban da labarin majalisa. Motata babba ce mai silinda shida, lafiyarta ƙalau, sai dai tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ta koma kwana a gida, ni kuma na koma kan babur. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Yanzu so nake in sayar da ita in sayi ƙarama wadda zan riƙe shekara goma in Allah Ya ba mu rai. Zirga-zirgata daga Samaru ne zuwa cikin gari, sai Kano ko Kaduna lokaci-lokaci, ni da uwargida da yara uku. Dillalai sun nuna mini Corolla da Civic da Vibe da wata Yaris. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga ciki ya faɗa mana yadda suka kwashe.

Ɗan Kwari, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Corolla ƙirar 2006 ce a hannuna, ta Amurka, tun kafin korona. Injinta 1.8 ne wanda ake kira 1ZZ, kuma sarƙa ce da shi a maimakon bel, saboda haka babu fargabar bel ya tsinke maka a hanya. Tankinta lita 50. Idan na cika a Kano ina zuwa Kaduna in dawo ba tare da na shiga gidan mai ba, da esi a kunne, in dai ban taka ta da yawa ba. Cikin gari kuwa labari ya bambanta, musamman cunkoson Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, a nan tana ba ni kilomita 9 zuwa 10 a lita.

Abin da na canja tun da na saya: shokozoba, famfon ruwa, kwayil ɗaya, batir da tayoyi. Ba a taɓa buɗe mata inji ko giya ba. Amma babban abin da ya sa ba zan rabu da ita ba shi ne kayan gyara. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce kayan Corolla kake nema, yaro ma zai kai ka shago, sabo da na gwanjo duk akwai. Ko a ƙauye ta tsaya maka za ka samu bakaniken da ya san cikinta. Aibinta tsada. Kuɗin da za ka ba da a kan Corolla mai shekara kusan ashirin zai saya maka wata motar da ta fi ta ƙuruciya nesa ba kusa ba. Ɓarayi ma sun san darajarta, sai ka sa mata tsaro.

Maman Sadik, Kaduna

Alhaji ka faɗi gaskiya a kan tsadar, shi ya sa ni na tsallake ta. Civic nake ja, ƙirar 2010, mai mita hawa biyu. Ita ma 1.8 ce mai sarƙa, kuma giyarta biyar ce, ta waccan Corollar huɗu, don haka a babbar hanya injin ba ya kuka kuma mai ba ya tafiya. Wajen daɗin tuƙi ba a haɗa su. Matsalata da ita ƙasa-ƙasa ce. Unguwarmu ba kwalta, da damina sai na bi a hankali, in na ɗauki mutum uku a baya kuwa duk wani tudun rage gudu sai ta goga ciki. Malam, in layinku yana da kwari ka yi tunani.

Sai kuma shekara. Waɗanda aka ƙera daga 2006 zuwa farkon 2009 an samu wasu da jikin injinsu ke tsagewa ruwa ya riƙa zuba, har kamfanin ya tsawaita garanti a Amurka saboda haka. Ni shi ya sa na nemi ta 2010.

Baban Hanifa, Zariya

Na gode Hajiya. Layinmu kam da damina sai addu'a. Vibe ɗin fa? Dillalin yana ta rantsuwa wai Toyota ce aka canja wa suna, ni kuma na ga tambarin Pontiac.

Direban Funtuwa

Wannan karon dillali bai yi ƙarya ba, Yallaɓai. Vibe da Toyota Matrix 'yan gida ɗaya ne. Ita Vibe a Kalifoniya aka haɗa ta, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors, daga ƙirar 2003 zuwa 2010 da aka rufe Pontiac ɗin gaba ɗaya. Inji da giya da ƙafa duk irin na Toyota ne. Na yi haya da ita tsakanin Funtuwa da Kano, ta fi Corolla tsayi daga ƙasa, bayanta kuma in ka kwantar da kujeru buhuna take ɗauka. Tana ɗan fin Corolla shan mai saboda jikinta ya fi tsayi da nauyi, amma ba wani abin tashin hankali ba. Inda za ka sha wahala shi ne kayan bodi, fitila ko bamba, don na Matrix ba ya hawa. Kuma ka buɗe bonet da kanka: daga ƙirar 2009 akwai mai injin 2.4, irin na Camry da ake ce wa Muscle. Wannan ba abin da kake nema ba ne, ka tsaya a 1.8. Mai jan ƙafa huɗu ma ka bar ta.

Usta, Panteka

Ni bakanike ne, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Motoci nawa aka kawo mini ana cewa tana shan mai kamar tirela, in na duba sai in ga hannunmu ne ya ɓata ta, mu masu gyara da ku masu mota.

Ana sauke mota daga jirgi sai wani ya ce wai an yi ta don ƙasar sanyi, a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye. Daga ranar injin ba zai ƙara kaiwa zafin da aka tsara masa ba. Kwamfutar motar tana ganin inji da sanyi sai ta ci gaba da ƙara mai, kamar yadda take yi da asuba, har ka je ka dawo. Mai ya tafi, fulogi ya yi baƙi, inji yana ci a hankali. Motar nan ana tuƙa ta a Dubai da tamostat ɗinta, zafin Sakkwato ba zai gagare ta ba in lagireto na da tsabta. Kuma a daina zuba ruwan rijiya, a sa ruwan lagireto na gaskiya, shi ke hana tsatsa.

Baƙin mai ma haka. A murfin injin Corolla ta 2003 zuwa 2008 an rubuta 5W-30, amma sai a ɗura mata 20W-50 mai kauri don shi aka saba zuba wa Peugeot 504. Man giya ya fi wannan haɗari. Na waccan Corollar T-IV ne, na Honda daban yake, kuma yawancin Corollar Amurka daga ƙirar 2014 giyar CVT ce da su, wato otomatik marar hawa-hawa, wadda ke da nata man na musamman. A zuba mata jan man da aka saba, wata shida ba za ta yi ba. Ita CVT ba ta da laifi, tana rage shan mai sosai, amma in ta lalace yawancinmu ba ma gyara ta, sai dai a sayo wata a ɗora. Wanda zai riƙe mota shekara goma a garin da ba ƙwararru, ni tsohuwar giyar otomatik nake ba shi shawara, ko giyar hannu in zai iya jure kuloci a cunkoso.

Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na nan, don ana yanke shi a sayar kafin motar ta zo hannunka. Ka kunna makulli ba tare da ka tayar ba ka ga ko fitilar cek injin ta kama, saboda akwai masu cire ƙwan. Kuma ka je ganin motar da safe, injin na sanyi, ka ce kada a tayar kafin ka zo. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a tashin farko yana nufin tana cin baƙin mai.

Na ƙarshe taya. Masu faci suna buga 45 ko 50, alhali takardar da ke jikin ƙofar direba 30 zuwa 32 take cewa. Iska ta yi yawa ƙafar mota ke biya, ta yi kaɗan tankinka ke biya.

Ɗan Kwari, Kano

Usta Allah Ya saka. Amma ka faɗa wa 'yan uwanka, mu abin da kuka ce mana shi muke yi.

Na Maraɗi

Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Starlet da tsohuwar Corolla su ne jakunan gari, ka je Yamai ka dubi taksi za ka gane. Ni Yaris gare ni, mai but, injin 1.5, tanki lita 42. Issansi, wato fetur, kam ba ta sha, ta fi duk waɗanda kuka lissafa sauƙi, kuma injinta ba ya ba da wahala. Amma Malam ya ce yara uku. Yau ƙanana ne, nan da shekara biyar bayan Yaris ba zai ɗauke su ba, kuma in ta cika da mutane da kaya ga esi, wuce babbar mota a hanya sai ka yi lissafi. Ta mutum ɗaya ce ko sabon ango. Mu ma motoci sun yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, abin da ke shigowa ta Kwatano ya koma zagayowa ta Lome.

Injiniya, Abuja

Ba wanda ya ambaci hayibirid, mai aiki da fetur da batir tare, bari in sa baki. Prius nake ja, ƙirar 2008. A cunkoson Nyanya da Mararaba, inda kowa ke ƙona mai a tsaye, injina kashe kansa yake yi batir ya riƙe motar. Ina samun kusan ninkin abin da Alhaji ya ce yana samu a cikin Kano. A doguwar hanya ratar ba ta kai haka ba.

Sai dai ba zan ce Malam ya saya ba. Babban batirin yana bayan kujerar baya, fanka ke sanyaya shi da iskar cikin mota, kuma ƙurar hunturu tana toshe fankar. Zafi shi ne ajalin batirin. Duk shekara sai an buɗe an share. Motar da ta kai wannan shekarun kuwa ko an canja batirin ko ana gab da canjawa, kuma kuɗinsa ba wasa ba. A Abuja akwai masu aikinsa a Apo. Kafin ka saya a Zariya ka fara nemo wanda zai taɓa maka ita, ka ga aikinsa da idonka.

Masu cewa a mayar da mota gas ta CNG, arahar gaskiya ce, amma tukunyar tana cinye rabin but, kuma sai ka tabbatar akwai gidan gas kusa da kai wanda ba ya yankewa.

Anti Nas, Bauchi

Ni dai Hyundai Elantra nake ja, wadda wani banki ya yi gwanjonta. Sabuwa aka saye ta a nan Najeriya, da littafin sabis ɗinta, ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Na same ta a farashin da ko ruɓaɓɓiyar Corolla ba zai saya ba, kuma shekarun nan ba ta kwana a gareji ba. Ana tsorata mutane cewa motar Koriya ba ta da kasuwa in za a sayar. Haka ne, amma wanda ya ce shekara goma zai riƙe, me ya dame shi da kasuwa? Abin da na lura kawai, kayanta ba ko'ina ba, wani lokaci sai an aiko daga Kano ko Ladipo a Legas, kwana biyu mota na ajiye. In kana da babur na ko-ta-kwana kamar Malam, wannan ba matsala ba ce.

Tsohon Dillali, Katsina

Na yi sana'ar nan kafin in koma noma, don haka ku saurara. Sunan mota ba ya hana a cuce ka. Corolla ta fi kowace mota shan kwaskwarima, saboda an san ido rufe ake sayenta. Da yawan na Amurka daga gwanjon inshora suke, wasu hatsari suka yi, wasu ambaliya ta shanye. Ka ɗauki lambar shasi, harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka ba yaro ya bincika maka a intanet. Sau da yawa har hoton motar ranar gwanjo za ka gani. Ka gwada lambar da ta jikin ƙofa da ta takarda. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa. Ta Kanada kuma ƙasanta ake dubawa, gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfe. Mita kada ka yarda da ita, ana mayar da ita baya, kuma ta Amurka mil take ƙirgawa, mil 100,000 kilomita 160,000 ke nan. Sitiyari da fedar burki da kujerar direba sun fi mita faɗin gaskiya.

Takardun kwastan su ne a gaba da komai. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, saboda haka duk wanda ya ce maka 'yar Kwatano ce ta shigo jiya, ka tambaye shi ta ina. Kada ka biya sai ka kai takardar ofishin kwastan an tabbatar maka da ita, in ba haka ba wata rana a hanyar Kaduna za a sauke ka da iyalinka. Kuma kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ka ware na tayoyi huɗu, da juyen baƙin mai da na giya, da aikin ƙafa, da canjin suna, da inshorar da ta koma naira 15,000 tun 2023. Bakaniken da zai duba maka kuwa kai za ka zo da shi ka biya shi da hannunka, kada ya zama wanda dillali ya kira.