Bishiyoyin da doka ta ce a bari a filin gini: a ina suke mutuwa?

Mai_Zanen_Gini: Assalamu alaikum. Hukumomin tsara birane da dama ba sa ba da izinin gini sai an kai musu taswirar bishiyoyin da ke filin: wadda za a bari, wadda za a sare, da abin da za a dasa a madadinta. Amma wadda aka bari ɗin, shekara uku zuwa biyar bayan an tare sai ta soma bushewa daga sama. Masu wannan harka, a ina ake kuskure?

Mai_Awon_Fili: Wa alaikumus salam. Tun daga awo. Ba a gindi ake auna kaurin bishiya ba, daidai ƙirji ake yi: a Amurka mita 1.37 daga ƙasa, ƙa'idar Birtaniya ta BS 5837 kuma mita 1.5. A zagaya tef a jikinta, a raba abin da aka samu da 3.14. Kewaye santimita 126 ke nan kauri 40. Daga nan a ninka kaurin sau 12, shi ne nisan da ba za a taɓa ba ta kowane ɓangare, wato mita 4.8 ga wannan bishiyar. A zana da'irar a kan zanen ginin tun kafin a tsayar da inda harsashi da bututun ruwa za su bi. In aka bari sai an gama zane, bishiyar ce za ta sha wuya.

Malamin_Gandun_Daji: Gaskiya ne, Malam. Mutane sun ɗauka saiwa can ƙasa take nutsewa. Yawancinta tana cikin santimita 60 na saman ƙasa, tana kuma bazuwa har ta wuce inda inuwar rassan ta tsaya. Ƙananan saiwoyin nan masu kamar gashi su ne ke shan ruwa, kuma suna buƙatar iska. Tifa ɗaya cike da yashi ta bi ta kai bayan ruwan sama, ta danne ƙasar, iska ta daina shiga. Haka ciko: a jibge ƙasa a kan saiwa don a daidaita fili, an shaƙe ta ke nan. Ga ruwan wankin injin kwaɓa siminti da ake zubarwa a gindinta don nan ne inuwa, alhali yana ƙona saiwa. Ba a ganin komai a shekarar farko, domin bishiyar tana cin abincin da ta tara ne. Sai ganye ya ƙanƙance, ya riƙa zuba da wuri, sannan rassan sama su bushe.

Injiniya_Mai_Kula_Da_Aiki: Shinge kuwa sai na ƙarfe mai turaku a kafe, a sa shi kafin katafila ta shigo, kada a cire sai an kwashe kayan aiki. Na igiya ko leda, kwana biyu an ture shi an jera bulo a ciki. In dole bututu ya ratsa da'irar, a huda ta ƙarƙashin saiwoyin ko a haƙa da hannu. Saiwar da ba makawa sai an yanke, a sa zarto mai kaifi. Haƙorin katafila fizgo ta yake yi, ya tsaga ta har kusa da gindi.

Hajiya_Mai_Lambu: Injiniya, ni lissafin maye gurbin ne ke damuna. Wasu dokokin ƙirga suke yi, ɗaya a dasa biyu ko uku. Wasu kauri suke bi: an sare mai santimita 40, a dasa takwas masu santimita 5. A takarda an biya. Amma in faɗin fuskar kututture aka duba, babbar ta ninka kowace ƙarama sau 64, inuwarta kuwa sai an yi shekaru kafin a mayar. Don haka dokar da ta sauƙaƙa biyan kuɗi a asusun dashe maimakon barin bishiya, hanyar sara ta buɗe.

Dashen ma a yi shi daidai. Rami ya ninka faɗin dunƙulen saiwa sau biyu zuwa uku, amma zurfinsa kada ya wuce na dunƙulen. Wuyan gindin, inda ya fara buɗewa, ya kasance a waje. A cire leda da waya. A baza ɓarɓashin itace kaurin santimita 5 zuwa 10, kada ya taɓa ɓawo. Igiyar da aka ɗaure ta da turke a kwance bayan shekara, in ba haka ba za ta nutse a jikinta. Kada kuma a cika fili da iri ɗaya. Masana na ba da shawarar kada iri guda ya wuce kashi 10 cikin 100. Cuta guda ce ta kashe miliyoyin bishiyar elm a Ingila a shekarun 1970.

Malamin_Gandun_Daji: Hajiya, ki ƙara da ban ruwa. A rubuta a kwangila wanda zai shayar da dashen shekara biyu na farko. In hukuma na riƙe kuɗin ajiya, kada a sake su ranar miƙa makulli, sai an dawo an ƙirga waɗanda suka rayu, an kuma duba saman tsoffin da aka bari.