Wai ta yaya toka take faɗin shekarun ƙashi?

Ɗan_Gwale:
Salam jama'a. Na ji wai ƙasusuwan mutum da aka tono a Omo Kibish can Habasha sun kai aƙalla shekara 230,000, kuma wai da tokar dutse mai aman wuta aka gane. To ni abin ya ɗaure min kai, toka ai toka ce, ta yaya za ta faɗi shekaru? Ba kabon ake aunawa ba?

Malam_Duwatsu:
Wslm ɗan'uwa. Kabon-14, wato sinadarin da ke raguwa a hankali a jikin abu bayan ya mutu, iyakarsa wajen shekara 50,000 ne, in abu ya wuce nan to ba ya aiki. Ita kuma wannan tokar ba irin ta murhu ba ce fa, burbushin gilashi ne da ma'adanai, kuma kowane aman wuta da irin haɗin sinadaransa kamar zanen yatsa, in dutsen ya yi amai sai ta zubo cikin ɗan lokaci ta shimfiɗu ko'ina ƙasa ta zo ta rufe ta, to duk abin da ke ƙarƙashinta ya girme ta ke nan. A Omo tokar da ke saman ƙasusuwan ta yi laushi da yawa, ta ƙi aunuwa kai tsaye, sai suka gwada sinadaranta suka ga iri ɗaya ne da na Shala, wani dutse mai aman wuta a Habasha, suka je can inda ƙwayoyin suka fi girma suka auna shekarunsu da argon, wata iskar gas da ke taruwa a cikin ƙwayoyin a hankali. A 2022 aka fitar da sakamakon, da can ana cewa wajen 195,000.

Hajiya_Bilki:
Ikon Allah! Malam har ina tokar take iya kaiwa?

Malam_Duwatsu:
Hajiya nesa sosai wlh. Dutsen Toba mai aman wuta na Indonesiya ya fashe wajen shekara 74,000 da suka wuce, an samu tokarsa a Indiya, da ƙasan tafkin Malawi, har Afirka ta Kudu, wata ma ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girman abu na ɗakin bincike. Amfanin shi ne duk wuraren nan ka samu layi ɗaya na lokaci, sai ka duba ƙurar furen da ke cikin laka a sama da ƙasan layin ka gane ko daji ne a lokacin ko fari aka yi.

AbuSafiyya:
Amma a yi hattara, ruwa da iska suna kwashe tsohuwar toka su sake zube ta a wani wuri, wanda bai lura ba sai ya ba wurin shekarun da ba nasa ba. Kuma kalmar "aƙalla" ɗin nan mutane suna tsallake ta, ƙashin zai iya fin haka tsufa.

Ɗan_Gwale:
Na gode sosai. Kwalekwalen Dufuna na Yobe fa, shi ma da toka ne?

Malam_Duwatsu:
A'a, shi katako ne kuma wajen shekara 8,000, kabon ya wadatar.