Ekstanal ɗina ya cika, in goge tsohon bakof?

Mai_Kyamara: Salamu alaikum 'yan uwa. Hoton biki nake ɗauka a nan Jos. Ekstanal ɗina, wato disk ɗin ajiya da ake jona wa kwamfuta, mai tira 1 (giga dubu), ya cika maƙil. Kusan rabinsa bakof ne, wato kwafin ajiya, na tsohuwar laftop da File History, tsarin bakof na Windows, ya tara daga 2019 zuwa 2022, laftop ɗin ma na sayar da ita. Hotunan da nake so suna kan sabuwar. Asabar ina da biki a Rikkos, kuma ba kuɗin sabon ekstanal yanzu. In goge?

Ɗan_Terminus: Wa alaikumus salam. Sayi mai tira 2 kawai ka huta.

Mai_Kyamara: Yaya, ai na ce ba kuɗi.

Maman_Biyu: Ƙanina kar ka taɓa komai! Haka na yi. Na goge na ekstanal ina cewa ai suna kan laftop, ba a yi wata ba wuta ta dawo da ƙarfi, laftop ta tsaya cak. Na kai wa wani mai gyara, bai tambaye ni ba ya yi mata fomat, ya share komai. Hotunan mahaifiyata na ƙarshe, tana zaune kan tabarma da jikarta ranar suna, duk sun tafi. Allah ya ji ƙanta, yanzu hoton fasfo ɗaya ya rage min.

Baban_Yara: Allah ya gafarta mata, Hajiya. Kin gwada Recuva, manhajar dawo da abin da aka goge?

Maman_Biyu: An gwada. Ya riga ya ɗora sabuwar Windows a kai, abin da ya dawo rabi ba ya buɗewa.

Injiniya_Wuse: Amin. Mai_Kyamara, shiga foldar FileHistory, cikin Data za ka ga fayilolin da kwanan wata a jikin sunansu, suna buɗewa kai tsaye. Hoto ɗaya zai iya fitowa sau da yawa, su ne suka cinye wurin. Bar na ƙarshe, goge maimaicin, sannan ka zubar da kwandon shara na kwamfutar (Recycle Bin), in ba haka ba wurin ba zai dawo ba. Amma abin da ke wuri ɗaya tak ba bakof ba ne.

Ɗan_Terminus: Dubu 55 na ga tira 1 a Ahmadu Bello Way.

Injiniya_Wuse: A kasuwar Banex ta Abuja ana cewa dubu 80 zuwa 90. Na 55 ɗin nan tsohon disk ne aka sa wa sabuwar riga.

Ɗan_Terminus: Ku 'yan Abuja komai sai kun ƙara kuɗin haya. Ni nawa yana aiki lafiya lau.

Baban_Yara: A saurari Injiniya, aikinsa ne.

Maman_Biyu: Wanda ya goge min ma injiniya ake ce masa.

Sarkin_Zolaya: Goge na auren da suka mutu, za ka samu rabin wurin 😂

Ɗan_Gangare: Google Drive fa, ajiya a intanet? Giga 15 kyauta.

Mai_Kyamara: Biki ɗaya ya fi haka, ga tsadar data.

Mai_Bidiyo_Bukuru: Ni abin da ke ƙona min rai, amarya ta bar cikon kuɗinka, shekara uku ba sallama, sai ta kira wai wayarta ta faɗa ruwa, a turo mata komai yau. Mu ne ma'ajiyarsu kyauta? Ni yanzu ajiyar wata shida nake rubutawa a rasit.

Baban_Yara: Wata shida ya yi kaɗan, Malam. Amana ce fa.

Mai_Bidiyo_Bukuru: To amanar ta biya kuɗin disk ɗin. Wa ke cajin kuɗin ajiya a cikinku, nawa kuke karɓa?